Gidan hayarmu na Mararaba da wani littafi daga Faransa

Jiya da yamma mai gidanmu ya aiko da takarda: kuɗin haya ya ƙaru daga watan gobe, wanda ba zai iya ba ya nemi wani wuri. Mu huɗu ne a gidan nan na Mararaba, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na maida iyali Katsina, don albashi ya kasa riƙe mu a Abuja. Na shigo nan da niyyar wata shida. Har yau ina nan.

Takardar ta same ni ina ƙarasa wani ƙagaggen labari na Anna Gavalda, 'yar Faransa, mai suna Ensemble, c'est tout. A 2004 ya fito, ni fassarar Turanci na karanta. Mutum huɗu ne su ma, a wani tafkeken tsohon gida a birnin Paris. Akwai Camille, gwanar zane da ke sharar ofisoshi da dare, ba ta ko cin abincin kirki. Akwai Philibert, ɗan manyan gida mai in'ina, yana sayar da katunan hoto. Sai Franck, kuku mai zafin kai, da kakarsa Paulette da aka kai gidan ajiye tsofaffi bayan ta faɗi.

Gaskiya akwai abubuwa a ciki da ba su dace da tarbiyyarmu ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma wuri ɗaya ya tsaya min a rai. Camille na kwance ba lafiya a wani ɗan ɗaki can ƙarƙashin rufi, ga sanyi, ba wanda ya san halin da take ciki. Philibert, da ko saninta bai gama yi ba, ya hau ya sauko da ita gidansa ya yi jinyarta. Daga baya ita ce ta karɓi kula da Paulette, har wanka take mata, alhali ba su haɗa komai ba.

Na ajiye littafin na yi shiru, don bara abin da ya same ni ke nan. Zazzaɓi ya kayar da ni tsakar dare. Maƙwabcin ɗakina, Kirista ɗan Binuwai, wanda kullum muke rigima kan kuɗin wuta, shi ya ji nishina ta bango. Ya goya ni har bakin titi, ya biya kuɗin asibiti daga aljihunsa. Maiɗakina sai da gari ya waye ta ji. Da azumi kuwa, idan cunkoson Nyanya ya riƙe ni, nakan tarar ya ajiye min ruwan sanyi da dabino. Wallahi ban taɓa roƙonsa ba.

Da muka zauna daren jiya, biyu sun ce ba za su iya ƙarin ba. Ƙaraminmu, malamin makaranta, yana maganar komawa Masaka. Ɗan Binuwai ya ɗauko biro ya ce mu raba ƙarin daidai da albashin kowa, ba kai da kai ba. Ni ne mai babban mataki a cikinsu, wato kaso mafi tsoka a kaina zai faɗa, ga kuɗin makarantar yara na jira.

Na ce su ba ni zuwa Juma'a. Ban kira Katsina ba tukuna.