"Bincike ya nuna": da wace tiya aka auna?

Duk taron ƙara wa juna sani da na halarta a matsayina na malamin lissafi, sai na ji mai jawabi ya ce "bincike ya nuna". Da ya faɗi haka sai ɗaki ya yi tsit. Ni kuwa tambayar da ke zuwa mini ita ce ta 'yan kasuwar hatsi: nawa ne, kuma da wace tiya aka auna? Masana suna kiran amsarta girman tasiri. Ina ganin malami da uba da uwa duk suna da hakkin su san yadda ake lissafa shi, domin da shi ake yanke hukunci a kan 'ya'yanmu.

Misalin da ya fi zama mini a rai a ƙasarmu ta Madarunfa aka yi shi. Daga Oktoban 2012 zuwa Nuwamban 2013, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF ta gudanar da gwaji a cibiyoyin lafiya huɗu na karkara, a kan yara masu tamowa mai tsanani waɗanda ba sa buƙatar kwanciya. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Duka sun sami abincin magani, amma rabi an ƙara musu amoksisilin na kwana 7, rabi kuma an ba su abin da ya yi kama da shi, babu magani a ciki. Sakamakon yara 2,399 ya fito a 2016 ƙarƙashin jagorancin Sheila Isanaka: kashi 65.9 cikin ɗari na masu shan maganin sun warke, kashi 62.7 na sauran su ma sun warke. Aka ce bambancin bai kai a tabbatar da shi ba. Shekara uku kafin nan an buga irin wannan gwaji daga Malawi, inda aka sami 88.7 da 85.1, aka ce maganin yana da amfani.

Wanda ya ji labari sama-sama zai ce Malawi da Madarunfa sun yi hannun riga. To ɗauki alli. A Malawi, 88.7 a cire 85.1, saura 3.6. A wajenmu, 65.9 a cire 62.7, saura 3.2. In kuma rabawa ka yi, ta Malawi 1.04 ce, tamu 1.05. Kusan abu ɗaya. Abin da ya raba hukuncin shi ne faɗin shakkar da ke kewaye da kowace lamba. Tamu ta kama daga 0.99 zuwa 1.12, wato ta ɗan taɓo 1, inda ke nufin babu bambanci, da ƙyar kamar gefen riga.

Sai dai ka juya lissafin, ka ƙirga waɗanda ba su warke ba. A Malawi 14.9 ne a kan 11.3, ya ba da 1.32. A Madarunfa 37.3 a kan 34.1, ya ba da 1.09. Yara ɗaya, lambobi ɗaya, amma yanzu tazara ta fito. Kuma yaran ba iri ɗaya ba ne: galibin na Malawi masu kumburi ne, namu galibi masu rama. Shi ya sa mai haɗa bincike-bincike wuri guda, aikin da Gene Glass na Amurka ya raɗa wa suna a 1976, dole ya zaɓi ma'auni ɗaya tun farko, ya faɗa wa jama'a wanda ya zaɓa, sannan ya ba babban gwaji nauyi fiye da ƙarami. Iyaye, kada wannan ya sa ku ajiye maganin da likita ya rubuta wa yaro. Ko a gwajin namu, kashi 26.4 na masu shan maganin ne aka kai ga kwantarwa, sauran kuwa 30.7.

A makaranta tiyar ta bambanta, saboda maki muke aunawa. Wani ya yi jarrabawa bisa 10, wani bisa 20, wani bisa 100. Dabarar ita ce a ɗauki bambancin matsakaicin maki na azuzuwa biyu, a raba shi da yawan warwatsuwar makin yaran. A ce ajin da aka gwada sabuwar hanyar koyarwa ya sami matsakaicin 5.6 bisa 10, ɗaya ajin 5.0, warwatsuwar kuma 2 ce. Sai ka raba 0.6 da 2, ka sami 0.3. Wannan ita ce lambar da ke ɗauke da sunan Jacob Cohen, wanda ya ce 0.2 ƙarami ne, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Domin a gane: tasirin 0.2 yana nufin yaron da ke zuwa na 50 a aji mai mutum 100 zai koma wajen na 42.

A nan ne nake ƙara buɗe ido. In yaran da aka gwada zaɓaɓɓu ne, ƙoƙarinsu kusan ɗaya, warwatsuwar za ta iya sauka zuwa 1. Wannan 0.6 ɗin sai ya tashi daga 0.3 ya koma 0.6, ba tare da wani yaro ya ƙara sanin ko harafi ɗaya ba. Ajinmu kuwa, inda wani ke karanta sakin layi wani bai gama rarrabe baƙaƙe ba, warwatsuwarsa faɗi gare ta, don haka aikin kirki ma sai ya fito da ƙaramar lamba. Haka nan jarrabawar da mai shirin ya tsara da kansa a kan abin da ya koyar takan kumbura sakamako. Gwajin da bai ba da komai ba kuma sau da yawa a aljihun tebur yake ƙarewa, mai tattarawa ba zai gan shi ba.

Saboda haka nake ɗari-ɗari da yadda ake yawo da littafin John Hattie na 2009, wanda ya haɗa tattare-tattare sama da 800 ya ce abin da bai kai 0.4 ba bai cancanci a ba shi fifiko ba. A jerinsa rage yawan yara a aji wajen 0.2 ne. Amma galibin binciken daga ƙasashen da ake muhawara a kan rage aji daga yara ashirin da wani abu zuwa goma sha biyar ya fito. Malamin da ke tsaye cikin rumfar zana da yara sun fi ƙarfin tabarmi, wannan lamba ba da yawunsa take magana ba. Akwai aikin da ya fi kusa da mu: a 2015 Patrick McEwan ya tattara gwaje-gwaje 77 na makarantun firamare a ƙasashe masu tasowa. Horar da malamai ya ba da 0.12, kayan karatu 0.08, ba makaranta kuɗi tsura kuwa kusan sifili. Da za mu riƙe sandar 0.4, da babu ɗaya da zai tsira, har da shirin ABC na yaƙi da jahilci da wayar salula da aka gwada a jihohin Doso da Damagaram, wanda ya ba da 0.19 zuwa 0.26.

Idan kwamitin iyaye na makaranta zai zauna a kan 'yan kuɗin da ke hannunsa, ko a sayi littattafai ko a biya darasin yamma, ni 0.12 da aka auna a aji irin namu ya fi mini 0.7 da aka auna a inda kowane yaro ke da tebur da fitila. A zama na gaba zan roƙi a bar ni in gwada karatun azuzuwan CE1 biyu a watan Oktoba, in sake gwadawa da takarda ɗaya a watan Mayu, in kawo wa iyaye matsakaicin da warwatsuwar duka a rubuce.