Magajin Garin da Sarakuna Suka Ci Bashinsa

A watan Yuni na shekarar 1397, magajin garin Landan, Adam Bamme, ya rasu yana kan kujera. Bisa al'ada, mutanen birnin ne ke zaɓen wanda zai gaje shi, amma Sarki Richard na Biyu bai jira su ba. Ya naɗa Richard Whittington, attajirin da ke sayar wa fada alharini da karammiski, wanda kuma sarkin ke cin bashi a hannunsa.

Naɗin ya zo a lokacin da birni da fada ba sa ga-maciji. Tun 1392 sarkin ya ƙwace 'yancin Landan na gudanar da harkokinta. Whittington ne ya shiga tsakani, aka daidaita a kan fam 10,000, birni ya fanshi 'yancinsa. Da watan Oktoba ya zo, mutanen da aka ɗora musu shi suka zaɓe shi da kansu.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. A 1399 aka tumɓuke Richard, aka kashe wasu daga cikin na hannun damansa, amma Whittington ko ƙwarzane bai samu ba, har ma ya shiga majalisar sabon sarki, Henry na Huɗu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: sabon sarki ma aljihunsa a bushe yake. Whittington ya ranta masa, ya kuma ranta wa ɗansa Henry na Biyar kuɗin yaƙin Faransa. Sau da yawa daga kuɗin fiton ulu ake biyansa, kuma shi kansa ya riƙe muƙamin mai karɓar fiton a Landan, wato mai bin bashi ne ke riƙe da lalitar da za a biya shi. A yau da wuya a bar wannan ya wuce ba bincike.

Ya sake zama magajin gari a 1406 da 1419, ya wakilci Landan a majalisar dokoki a 1416.

Ya rasu a 1423 ba ɗa ba jika. Da dukiyar da ya bari aka gina gidan gajiyayyu, aka sake gina kurkukun Newgate. Yaran Ingila kuwa sun fi saninsa a tatsuniyar maraya matalauci da kyanwarsa, alhali mahaifinsa mai filaye ne a Gloucestershire.