Kuɗin Koyon Sana'a da Harshen da Ake Koyarwa da Shi

Duk wanda ya tashi tsakanin Tasawa da Mayahi ya san damina ba ta wuce wata huɗu. Da zarar an kai hatsi rumbu, samari sai su nufi Katsina, Kano ko Agadas cin rani. Don rage wannan ƙaura ne gwamnatin Nijar ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi da dama, ta kuma kafa asusun FAFPA domin tallafa wa masu koyo. Wannan abin yabo ne. Sai dai a duk lokacin da aka tashi lissafin abin da aka kashe, gine-gine da kekunan ɗinki da injunan walda ake ambata. Ni kuwa, a matsayina na ɗalibin ilimin harsuna, tambayata ita ce: da wane harshe ake koyarwar?

Ƙanena ya koyi kanikancin babur a wata cibiya a yankinmu. Ya bar makarantar boko tun yana aji huɗu, Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Malaminsu yakan rubuta darasi a allo da Faransanci, sannan ya juyo ya yi bayani da Hausa. Bayanin ya zauna a kansa, har yau da shi yake cin abinci. Littafin da ya cika da rubutu kuwa yana cikin akwati, ba ya iya karanta shi. An biya kuɗin alli da takarda da lokacin malami, amma ranar da yaron ya manta wani abu ba shi da inda zai duba.

Jihar Maraɗi tana da misalin ilimin da ya yaɗu saboda ya sami harshen masu shi. A farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara jan hankalin manoma su daina tone kututturan itatuwa, su zaɓi tohon da ya fi ƙarfi su rene shi. Dabarar ta sami suna da Hausa, sassaben zamani, manomi ya riƙa koya wa manomi, ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke maƙwabtaka da mu suka zama abin koyi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun farfaɗo a hekta miliyan 5 na kudancin Nijar. Gawon da ke tsaye a gonakinmu shaida ne.

Doka ma ba ta bar mu a baya ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan gida tare da Faransanci, sannan a Maris 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne kasafi, domin doka ba ta buga littafi.

Shawarata ita ce a ware wani kaso na kuɗin koyon sana'a don aikin harshe. A tura ɗalibai wurin maƙera da dukawa da matan Gulbin Kaba masu saƙa tabarma da kabar goriba, su tattaro kalmomin sana'o'insu. A daidaita kalmomin aro: abin da makanikin Tasawa yake kira buji, na Katsina fulogi yake ce masa, kuma yaron da zai tsallaka iyaka yana bukatar duka biyun. A buga ƙananan littattafai da boko da ajami, tunda da yawa daga cikin masu koyon almajirai ne. A bar su su yi jarrabawa da Hausa.

Ƴan'uwana ɗalibai da malamaina, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da masana aikin gona, ta Abdu Mumuni a Yamai tana da masana harshe. Kundayen kammala karatunmu na bana za su iya zama farkon ƙamus ɗin sana'o'in Tasawa da Mayahi, in mun zaɓi batutuwanmu da wannan niyya.