Kaye mai gida-gida da tsofaffin wasannin ƙarƙashin ƙasa

Ranar Lahadi da ta wuce ina tonon wata tsohuwar akwatin ƙarfe, ina neman takardar haihuwar ɗiyata, sai na ci karo da wani kaye mai gida-gida, bangonsa ya yage, gara ta ci gefensa. Ɗana na fari, mai shekara 14, ya ɗauka yana buɗawa. Babu darasi ko ɗaya a ciki, sai layuka da lunguna da ƴan alamu: nan ƙofa, nan rami, nan matakala. Ya ce, "Baba, wannan taswirar wane gari ce?" Na ce masa wuri ne da babu shi a duniya, amma akwai lokacin da na san lungunansa fiye da na unguwar da muke zaune.

A shekarar 2002 ina makarantar horon malamai. Abokin da muke ɗaki ɗaya yana da wani kawu mai gadin wani ofishi, kuma a ofishin akwai wata tsohuwar kwamfuta da aka jingine a kusurwa, ba mai kula ta. Ranakun Asabar da yamma kawun yakan bar mu mu shiga. A cikinta muka tarar da wani wasa mai suna Eye of the Beholder, wanda kamfanin Westwood na Amurka ya yi, ya fito a 1991. Da Ingilishi yake, mu kuwa Ingilishinmu na kwaleji ne, don haka ƙamus ba ya barin gefenmu.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba, ga yadda yake. Kana jagorantar ƴar tawaga, mutum huɗu ko shida, a cikin wani kurkuku na ƙarƙashin ƙasa, kana kallon bango da ƙofofi kamar da idonka. An yanka wurin gida-gida kamar filin dara. In ka danna gaba, ka matsa gida ɗaya cif. In ka juya, juyi ne cikakke zuwa gabas ko yamma, kudu ko arewa; babu rabi, babu karkata. Mayaƙa suna sahun gaba, mai sihiri da mai warkarwa suna baya. Bangon nan kuma duk kama ɗaya gare shi. Tafiyar minti biyar ta isa ka ɓace, tunda wasan ba ya nuna maka taswira. Kai za ka zana abarka.

Nan kayen ya shigo. Mu da muka yi lakwal a ƙasar nan mun san kaye mai ƙananan gidaje na lissafi, kamar don wannan aiki aka buga shi. Muka raba aiki: ni ina kan maɓallai, abokina yana riƙe da fensir. In na ce "gaba uku, ƙofa a dama," ya ƙidaya gida uku ya sa alama. Labarin wasan shi ne an aike mu magudanan ruwa na ƙarƙashin birnin Waterdeep don gano wani mugun abu, muna shiga ƙofar ta rufta a bayanmu. Hawa 12 ne zuwa ƙasa, kuma a can ƙarshe dodon mai idanu da yawa, Xanathar, yake jira.

Abin da ya fi zauna mini a rai ya faru a hawan farko-farko. Mun zana wani dogon lungu, muka bi shi, sai ga mu a wurin da taswira ta ce bango ne. Na ce abokina ya kuskure ƙidaya, ya ce ni ne na danna sau biyu. Muka goge shafin muka sake. Haka ta sake faruwa. Sau uku muna gogewa har takardar ta huje, muka koma ɗaki ba mai yi wa wani magana. Sai Asabar ta gaba ya lura da ƴar alamar da ke nuna arewa a ƙasan allon: muna taka wani gida, sai ta juya ita kaɗai. Ashe akwai gidan da ke juya mutum ba tare da ya sani ba. Ƙidayarmu daidai take tun farko. Mun yi ta goge aiki mai kyau don ba mu yarda da shi ba, alhali shaidar tana gabanmu ba mu duba ba.

Wannan tarko ba Westwood suka ƙirƙiro shi ba. Daga baya, da intanet ta samu, na bi asalin abin har zuwa Wizardry, wanda wasu samari biyu, Andrew Greenberg da Robert Woodhead, suka yi wa kwamfutar Apple II a 1981. Hawa 10 ne, kowane gida 20 a tsaye 20 a kwance, bangon kuma fararen layuka ne kawai a baƙin allo. Mugun cikin wasan sunansa Werdna, sarkin kuma Trebor, wato sunayen masu wasan ne aka karanta daga baya zuwa gaba. Wasa ne marar tausayi. In tawagarka ta mutum shida ta mutu a can ƙasa, gawarwakin suna nan, sai ka tara wata tawaga ta je ta kwaso su. Akwai sihirin da ke gaya maka a wane gida kake, akwai kuma wanda ke ɗauke ka ya kai ka gidan da ka ambata. In ka yi kuskuren lissafi ka faɗa cikin dutse, kowa ya halaka. Mutanen Japan sun rungumi wannan wasa ƙwarai, har ya yi tasiri a kan Dragon Quest. Na gwada shi da manhajar DOSBox, ban gama ba, kuma ba na jin zan gama. Girmama shi nake yi kamar yadda ake girmama tsohon malami mai bulala.

Wanda na fi so duka shi ne Dungeon Master, na kamfanin FTL, wanda ya fito a 1987 a kan Atari ST. Kafin shi, galibi yaƙi bi da bi ne, dodo yana jiranka ka gama tunani. A nan kuwa lokaci ba ya tsayawa: kana duba kayenka, wani abu yana tahowa a lungu. Mutum huɗu kake zaɓa daga cikin jarumai 24 da ke cikin madubai. Suna jin yunwa, suna jin ƙishirwa, wutar da ke hannunsu tana ci tana raguwa har duhu ya rufe. Sihiri sai ka haɗa alamomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai haɗa baƙaƙe, kuma abin da mutum ya yawaita yi shi yake ƙwarewa a kai. Har ƙofa makami ce, in ka sako ta a kan dodo. Eye of the Beholder a wurinsa ya koyi yawancin abin da ya iya. Na fara sanin ɗan kafin uban, shi ya sa har yau ina jin ɗan a raina, ko da yake na san uban ya fi shi.

Zamanin waɗannan wasanni bai yi tsawo ba. A 1992 Ultima Underworld ya bar mutum ya yi tafiya yadda ya ga dama, a 1993 Doom ya zo, shi kuma Lands of Lore na Westwood ɗin nan ya riƙa zana wa mai wasa taswira da kansa. Kaye ya rasa aiki. Amma abin bai mutu ba. A 2007 Etrian Odyssey ya fito a kan Nintendo DS, inda allon ƙasa ya zama takardar zane. A 2012 wani ƙaramin kamfani na ƙasar Finlan ya fitar da Legend of Grimrock, wanda ya ba ka zaɓin kashe taswirar ka koma ga fensir.

Ba zan ɓoye ba, wasan ya ci mini lokaci. Akwai jarrabawar da na shiga ban shirya ba saboda gizo-gizon hawa na huɗu, kuma makin da na samu ya ba ni kunya. Akwai ranar da wuta ta ɗauke muka yi asarar aikin awa uku don ba mu ajiye ba. Iyayen da ke kuka da wayoyin da ke hannun ƴaƴansu suna da gaskiya, ni ma uba ne. Abin da nake cewa kawai, wasa suna ya tara. Wanda ɗana yake yi a waya, kibiya ce ke nuna masa inda zai bi, in ya tsaya ta yi ta ƙyalli. Bai taɓa ɓacewa ba, don haka bai taɓa neman hanya ba.

Shekara 20 ke nan da wani abu ina koyarwa a firamare, kuma ciwon da na fi gani ga yara shi ne wanda ya kama mu a lungun nan. Yaro ya yi lissafinsa daidai, ya ga ya saba da na maƙwabcinsa ko da abin da ke tablo, nan take ya goge allonsa duka. Ba ya tsayawa ya nemi inda aka rabu. Saboda haka in mun zo darasin taswirar aji da kusurwoyi huɗu a CM2, nakan ja gidaje a ƙasa a filin makaranta, in tsaya a ciki ina faɗin takuna, su kuma suna zanawa a kaye sun ba ni baya. Wani lokaci sai in juya ban faɗa ba. Yawancinsu gogewa suke yi. Bara wata yarinya ta ƙi gogewa, ta sake ƙidaya gidajenta sau biyu, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ba ni na ɓata ba, kai ne ka juya." Na daɗe ban ji daɗin aikina kamar ranar ba.

Mun kai hawa na tara ni da abokina kafin a raba mu, aka tura shi wani ƙauye a jihar Tawa, ni kuma aka kawo ni nan. Xanathar ban gan shi ba sai bayan shekaru, ni kaɗai, kuma bai yi daɗin da na zata ba, don babu mai riƙe fensir.

Daren Lahadin nan na ɗauko kwamfutata na sa wa ɗana wasan. Na ba shi sabon kaye, na ɓoye tsohon. Ya ce, "Baba, ai taswirar tana intanet." Na ce na sani. Yanzu yana hawa na biyu, ƙanwarsa ce ke zana masa, kuma jiya na ji su suna gardama a kan wani lungu. Ban ce musu komai ba.