Saki Ba Ya Biyan Bashi

'Yan'uwana mata, maganar da na zo da ita yau ba mai daɗi ba ce, amma gara a ji ta tun ana zaman lafiya. A zamanin nan maza da yawa da taimakon matansu suke sayen mota ko Keke Napep, ana biya wata-wata. Ran da aure ya mutu kuwa, sai a rasa wa ke da mota, wa ke da bashi.

Ni ma abin ya same ni. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, maigidana ya so motar haya. Da yake ni ke da albashi, da sunana aka karɓi rance a ƙungiyar malamai. Baba ya ce sai an rubuta, don ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, maganar rubuta bashi take yi. Aka rubuta cewa mota tasa ce, kuɗin kuwa rance na ba shi. Shaidu biyu suka sa hannu.

Bayan shekara 2 ya yi mini saki ɗaya, saura wata 14 a gama biya, ana ta cira daga albashina. Ya ce ba shi da abin ciyar da mu, wai mota ta cinye. Muka je gaban alƙali.

Alƙali ya raba maganar gida uku. Na farko, ci da sha da wurin kwanana suna kansa har in gama idda, watau tsarki uku, da ina da ciki kuwa har in haihu. Na biyu, ciyar da yara da tufatar da su aikin uba ne ko suna hannuna, ba a rage tuwon yaro don a biya mota. Na uku, masu rance ni za su bi, gama sunana ke takardarsu, amma takardar Baba ta nuna ni ma ina binsa. Aka sayar da motar, aka biya, ya cika abin da ya rage.

Maƙwabciyata kuwa sarƙar zinariyarta ta sayar ta ba mijinta ya sayi babur, ba takarda, ba shaida. A shari'a mai ƙara ke kawo shaidu, wanda ya musa ya rantse. Ya rantse bai karɓi rance ba, ta fito hannu banza.

To, ku 'yan makaranta, ku riƙe wannan. Dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba. In kyauta za ki ba shi, ki ba shi da zuciya ɗaya. In rance ne, ki ce rance, a rubuta, kada kunya ta hana ki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kowa ya san nasa.

Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, amin.