Ƙwayoyi goma na Baba Soja

Akwai wani dattijo da ke zuwa kantin maganinmu a Agege, muna kiransa Baba Soja. Yana cikin dakarun ECOMOG da suka shiga Laberiya a 1990, yanzu kuma hawan jini yake fama da shi. Duk ƙarshen wata yakan sayi amlodipine na kwana 30. Ran nan sai ya ce, "'Yata, ba ni guda goma." Na miƙa masa ban tambayi dalili ba. Shirun nan nawa har yau yana damuna.

Bayan wata guda ya dawo da ciwon kai. Na auna jininsa, 190 bisa 110. Ashe ƙwaya ɗaya yake sha duk kwana uku don ta kai shi wata. Da na matsa masa, sai ya sunkuyar da kai. Wani mutum ne ya ce yana da hanya a Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja, zai fito masa da wani haƙƙinsa da ya maƙale. Yau kuɗin buɗe fayil, gobe kuɗin mota, jibi na goron oga. Har ya sa Baba alkawarin ba shi kashi 20 cikin 100 idan kuɗin ya fito, yanzu kuma katin ATM yake nema.

Irin waɗannan dillalai sun san lagon tsohon soja: ya saba bin umarnin mai magana da gadara, ya gaji da jira, kuma yana jin nauyin gaya wa 'ya'yansa cewa takardu sun fi ƙarfinsa. Abin da suka karɓa daga bakin magani da abinci yake fita. Hawan jini kuwa ba ya jiran fansho; wasa da magani na iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Ranar na tura shi asibiti, na kuma kira 'yarsa da izininsa. Ita ta raka shi ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, inda aka nuna masa yadda zai tuntuɓi hukumar da kansa. Sun kuma fara bin rajistarsa da DHML, mai kula da inshorar lafiyar sojoji har da masu ritaya. Kuɗin da dillalin ya ci dai bai dawo ba.

Mai karatu, idan akwai tsohon soja a gidanku, ka zauna da shi ku duba takardunsa. Kada ya sa hannu a abin da ba a karanta masa ba. Kada ya ba kowa lambar sirrin kati, ko lambar da banki ya turo a waya, ko ainihin takardar sallamarsa. Haƙƙi ba a sayensa a hannun ɗan kamasho.

Ni kuma na ɗauki darasi. Duk dattijon da ya rage maganinsa yanzu, sai na ce, "Baba, lafiya kuwa?"