Inda Ya Kamata A Ɗaura Lagireton Giya

A zamanin da Peugeot 504 ke cin kasuwarta, watau bayan da aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kaduna cikin 1975, direba shi ke taka kuloci ya sa giya da hannunsa, kuma ba safai akan ji wani yana kukan zafin man giya ba. Yanzu kuwa da yawa daga motocin da ke shigo mana na hannu ne daga Amurka da Turai, masu canza giya da kansu, waɗanda ake kira otomatik. Irin wannan nake hawa a nan Ikko, ita ce kuma ke ɗaukata da iyalina da kayanmu zuwa gida Arewa kowace shekara. Saboda haka lafiyar giyarta ba abin wasa ba ce a wurina.

Ya kamata mai karatu ya san cewa a otomatik mai ne ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, ta cikin wata ƙwaryar ƙarfe da ke tsakaninsu. Muddin mota tana jan ciki a cunkoson Oshodi, ko tana hawan tudu irin Hawan Kibo da kaya niƙi-niƙi, man yana ta dakuwa cikin ƙwaryar nan har ya ɗau zafi. Ana so zafinsa ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin santigireti. In ya zarce haka da nisa kuma ya daɗe, sai ya yi baƙi, ya yi ƙauri, robobi su bushe, fayafayan kulocin ciki su soma zamewa. Masu ƙera motar sun bi da man ta cikin tankin lagireto domin ruwa ya rage masa zafi, amma fa ruwan ma da nasa zafin, balle a watan Maris. Dalili ke nan da ya sa na shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin na sayo ɗan ƙaramin lagireto na man giya, wanda makanikai ke kira kula.

Sayen bai ba ni wuya ba. Wurin ɗaura shi ne ya jawo gardama, domin kuwa makanikai uku na tuntuɓa, kowa da inda ya nuna. Na farko ya ce a maƙala shi a bayan babban lagireto, ta ɓangaren inji, wai can dutse ba zai same shi ba. Gaskiya ne, sai dai iskar da ke isa can ta riga ta ratsa lagireton ta kwaso zafinsa, ga hucin inji kuma. Na biyu ya ce a sauke shi ƙasan bamba inda akwai fili. Wanda ya san ramukan hanyoyinmu da ruwan da ke kwanciya a titunan Ikko da damina ya san abin da zai biyo baya: taɓo zai toshe shi, ko kuwa dutse ya huda shi man ya tsiyaye direba bai sani ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Na uku, wani dattijo a Agege, bai ce kome ba sai da ya ta da mota ya kunna iyakwandishan, fanka ta kama, sa'an nan ya ɗora takarda a gaban ragar motar, ta manne. Ya ce, "Maigida, ka ga inda iska take bi. Nan za mu sa shi." Watau a can gaba, kafin kwandensar iyakwandishan da babban lagireto, daidai saitin fanka. A guje iskar hanya ce za ta fara dukansa tun tana da sanyinta, a cunkoso kuwa fanka ce za ta ja masa ita. Na tambaye shi, "Malam, ba zai tare wa lagireto iska ba?" Ya ce zai rage kaɗan, shi ya sa ba a sa wanda zai rufe fuskar duka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shawararsa na bi, na kuwa tsaya a kansa har ya gama. Ya ƙi amfani da tsinkayen roba da ke zuwa cikin kwalin, waɗanda ake sokawa ta tsakanin haƙarƙarin lagireto, domin girgizar hanya takan sa su goge bututun ruwa har ya huje. A maimakonsu ya lanƙwasa ƙarafa ya ɗaure kular a jikin mota da noti, ya bar 'yar tazara tsakaninta da kwandensa. Bai raba man da tsohuwar hanyarsa ba: daga giya ya shiga tankin lagireto, daga nan ya shiga kula, sa'an nan ya koma giya. Ya kau da tiyo daga salansa da belin inji, bai bar shi ya karye a kwana ba. Daga ƙarshe ya ƙara mai, tun da kula da tiyo sun sha nasu, ya auna bayan inji ya yi ɗumi.

Bayan mun je gida mun komo na zaro sandar awo, na tarar man yana nan ja, ba ƙauri. Abin da ya rage mini shi ne wanke ƙurar hunturu da ƙwarin da ke manne wa kular, da duba bakin tiyo ko yana yoyo.

Shawarata ga 'yan'uwa masu dogon zango ita ce, kada sauƙin aikin makanike ya zaɓa muku wurin. Ku ce a ta da mota, ku nemi inda iska take bi, ku sa a ɗaura a nan. Kuɗin kula da ƙarafanta bai kama ƙafar kuɗin sauke giya ba, balle kwanan daji da mata da yara tsakanin Mokwa da Tegina.